Gurbin Sunan Maigida

Tun da na dawo daga Yamai ban samu sakat ba. A majalisarmu ta bakin shagon Malam Iro mai gyaran rediyo, a ƙofar masallaci bayan La'asar, har a wurin ɗaurin aure, tambayoyin ba sa canzawa: yaya ƙasar, me aka koya maka, ina kilishinmu? Kilishin dai na raba ya ƙare. Sauran biyun na yi ta kauce musu da "Alhamdu lillahi, an sha hanya," har Malam Iro ya ce mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana cika wa jama'a kunne a gidan rediyo, yau shi ake roƙo ya buɗe baki. Ya yi gaskiya. To ga labarin a rubuce, domin akwai wuraren da in da baki ne zan tsallake su.

Ga wanda bai san ni ba, bayan na bar aikin fassara da karanta labarai, ƙungiyar manoman yankinmu ta ɗauke ni in riƙe mata rajista. Ofishinmu ɗaki biyu ne a Funtuwa. Rajistar ta ƙunshi manoman Funtuwa da Bakori da Kafur da Malumfashi, kuma tana cikin wata babbar rajista ta ƙasashe da dama, wadda wani shirin tallafa wa manoma yake riƙe da ita. Girmanta ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, saboda haka ba a ofishinmu take zaune ba. In ina son sanin wani abu, sai in rubuta gajeren umarni a kwamfutata, in tura, in jira amsa. Horon kwana biyu aka taɓa yi mini, na kuma ɗauka ya isa.

Da bazara shirin ya ce zai ba da ingantaccen irin waken suya, kowane gida da kasonsa. Aka ce in ƙirga gidaje. A rajistar kowane manomi yana da layi ɗaya, kowane layi yana da gurabe: gurbin suna, gurbin unguwa, gurbin girman gona, da gurbin sunan maigida. Na ce a raina, gida ai maigida ne. In na ƙirga masu gida ba tare da maimaita suna ba, na ƙirga gidaje ke nan. Na tura umarnin, amsa ta dawo kafin shayina ya huce, na buga a takarda, na sa hannu.

Kwana uku bayan motar farko ta sauke iri, Inna Kulu ta iso ofis. Ita ce shugabar matan da ke noman waken suya a wata unguwa ta Dayi, dattijuwa doguwa da ba ta ɗaga murya. Na ba ta kujera da ruwa. Muka gaisa.

"Malam, mu gida arba'in da uku ne," ta ce. "An aiko mana da na gida tara."

"Inna, ba ni na ƙirga ba. Na'ura ce."

"To ita na'urar ta zo Dayi ne?"

Wasu manoma biyu da ke jira a benci suka yi dariya, dariyar kuma ta taɓa ni. Na gyara zama, na ɗauko muryar nan da nake karanta labaran ƙarfe bakwai da ita. Na ce na'ura ba ta son kai, ba ta mantuwa, ba ta da dangi. Na ce abin da yakan faru shi ne wasu su yi rajista sau biyu ko sau uku don su samu ƙari, ita kuwa na'ura tana gane su.

Inna Kulu ta dube ni, ta gyara mayafinta.

"Ɗan nan, ina jin muryarka tun kana gidan rediyo. Ban taɓa zaton da ita za a ce mini maƙaryaciya ba."

Na ce ban faɗi haka ba. Ta miƙe ta fita. Ruwan yana nan yadda na ajiye shi.

A makon ne takardar gayyata ta zo: horon kwana shida a Yamai, ga masu riƙe da rajista. Motar iri ta biyu, wadda ita ce ta ƙarshe kafin shuka, an ce za a rufe jerin sunayenta kwana biyu bayan ƙarewar horon. Ban ga wata alaƙa tsakanin abubuwan biyu ba.

Na tashi daga tashar Funtuwa da hantsi. A Malumfashi wani mutum mai jiki ya shigo ya zauna kusa da ni, ko in ce ya zauna a kan rabina. Alhaji Ɗanlami ne, ɗan Kafur, mai fataucin wake, zai je Maraɗi wurin abokan cinikinsa. Kafin mu bar gari ya san sunana da aikina da abin da ke cikin jakata. Da muka iso Dayi direba ya tsaya sauke wata mata da buhunta. Masu tallar gyaɗa da rake suka kewaye motar. Ni kuwa na buɗe jakata na sunkuyar da kai ciki, ina neman abin da ban ɓatar ba.

"Malam, ana bin ka wani abu ne a garin nan?" in ji Alhaji.

"A'a. Takarduna nake dubawa."

"To duba su da kyau. Gaba za su yi amfani."

Da ma na ji maganarsa.

A Katsina muka canza mota, muka isa kan iyaka ta wajen Jibiya bayan Azahar. Ɓangarenmu muka wuce ba matsala. A ɗaya ɓangaren wani jami'i siriri mai tabarau yana zaune a ƙarƙashin rumfa, yana karɓar takardu ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Ya tambaye ni sana'ata. Na ce ni jami'in sarrafa bayanai ne.

"Sunayen manoma yake rubutawa," in ji Alhaji daga bayana.

Jami'in ya ɗago kai, ba don maganar Alhaji ba. Ya ce in sake magana. Na sake. Ya ce shi ya san muryar nan, a garinsu suna kama tasharmu da safe, mahaifinsa ba ya karyawa sai ya ji labarai. Ya kira abokan aikinsa biyu, ya roƙe ni in buɗe musu labarai yadda nake yi a da. Na yi. Ban ɓoye ba, na ji daɗi, har na ƙara musu da hasashen yanayi. Suka tafa. Sannan ya buɗe katin rigakafina, ya duba, ya sake dubawa.

"Malam, wace ce Bilkisu?"

Katin matata na ɗauko. Launinsu ɗaya, a aljihun tebur ɗaya suke. Na ce, "Iyalina ce." Ya ce ya gane, amma allurar da aka yi wa iyali ba ta kare maigida. Aka tura ni wani ɗan ɗaki a yi mini tawa, mai yin allurar kuma ya tafi cin abinci. Motarmu ta jira rabin awa ta wuce. Alhaji Ɗanlami ya sauke jakarsa ya zauna tare da ni, ya ce ba zai bar ɗan garinsu a hannun baƙi da katin mata ba. Awa uku muka yi. Ya ba kowa labarin, har da mai sayar da ruwa.

A Maraɗi bai bar ni na nemi masauki ba. Ya kai ni gidan abokin cinikinsa, wani dattijo da ya karɓe mu kamar ya shekara yana jiranmu. A can na fara ganin bambanci. Mu a nan gaisuwa takan ƙare a tambaya ta huɗu ko ta biyar. Su sai sun tambayi gajiya da gida da rana da hanya da waɗanda aka baro, su dawo su sake tambayar gajiyar. Shayi kuma ba kofi ɗaya ba ne a miƙe. Zagaye uku ne a ƙananan kofuna, na farko da ɗaci kamar magani, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Furarsu ta fi tamu kauri. Hausarsu kuwa, kunnena na tsohon mai gyara rubutun labarai ya yi ta ƙaiƙayi. Da maigidan ya ce "tahiya", sai na ji bakina ya maimaita kalmar yadda muke faɗarta a rediyo. Alhaji ya taka mini ƙafa.

"A gidansa kake," ya ce a hankali. "Hausarsa ce a nan."

Washegari muka yi sallama, na hau babbar motar Yamai. Wannan abu ya burge ni: tikiti da lambar kujera, kuma motar ta tashi a lokacin da aka rubuta, da kujeru biyu babu kowa. A tashar Funtuwa direban da ya yi haka sai an kai shi wurin malamai. Hanya doguwa ce. Mun tsaya a Ƙonni, mun tsaya a Dogon Dutse, mun tsaya a Doso, ban da wuraren binciken jandarmomi, inda kowa ke sauka da katinsa a hannu ya bi layi ba hayaniya. Na sayi dogon burodin nan nasu mai tauri, na rasa yadda zan riƙe shi, sai na ga kowa a hammata yake sa nasa. Na sa nawa. Da na zo ci ya yanke mini dasashi.

Masaukinmu a Yamai wani gidan baƙi ne na masu horon, mutum biyu a ɗaki. Abokin ɗakina Isaka, ɗan Tamale ta ƙasar Gana, mutum ne mai dariya da dukan jikinsa. Hausar zango yake yi, wadda ba ruwanta da namiji ko mace, kuma bayan abin da ya faru a Maraɗi na kame bakina. Shi ya koya mini cin dambu da zogale a wurin wata mata a bakin titi, da yaji mai sa mutum tuna zunubansa. A garin Zabarmanci ya fi yawa, ofisoshi kuma Faransanci, amma a kasuwa Hausa tana kai mutum ko'ina. Da rana tsaka garin yakan yi tsit, kowa ya tafi hutu, ba a dawowa sai rana ta yi sanyi. Na ce wa Isaka wannan ɓata lokaci ne. A rana ta biyu ni na fara yin barci.

Malamarmu sunanta Malama Rabi, 'yar Damagaram, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba. Tana koyarwa da Faransanci da Turanci, in ta ga mun ɓace ta juya Hausa. Kwana biyun farko ta yi bayanin abin da muke amfani da shi ba mu san shi ba. Ta ce umarnin da muke rubutawa ba mu muka ƙirƙire su ba, daga wani tarin umarni ne da aka riga aka shirya, masu sana'ar suna kiransa laburare. Ta ce rajistar a yanke take gunduwa-gunduwa, an rarraba wa na'urori masu yawa, kowace da nata kason. In ka ce a ƙirga, kowace na'ura ta ƙirga abin da ke hannunta, wata guda ta haɗa amsoshin.

A rana ta uku ta ce yau mu ne na'urorin. Tana son wani ya ba da ɗan yanki daga rajistarsa a gwada. Na riga kowa ɗaga hannu. Na zaɓi unguwar Inna Kulu da gangan. Ina so in koma gida da shaidar ƙwararru.

Aka buga layukan a takarda, ta yanke su da almakashi, kowane layi ɗan siririn yanki. Ta zaɓi mutum shida, har da ni da Isaka, ta zaunar da mu a jere, ta raba mana yankunan. Ita ta tsaya a allo.

"Ƙirga na farko. Kowa ya ƙirga takardun hannunsa. Kada ku karanta komai."

Bakwai, bakwai, takwas, bakwai, bakwai, bakwai. Ta haɗa: arba'in da uku. Ta ce wannan shi ne mafi sauƙi, ba mai bukatar sanin abin da ke hannun wani. Na ce a raina, ai na sani, da maimaici a ciki.

"Ƙirga na biyu. Ku duba gurbin sunan maigida. Ku ƙirga waɗanda aka rubuta wani abu a ciki kawai."

Cikin bakwai ɗina, uku babu komai a gurbin. Na ajiye su gefe. Da ta haɗa amsoshinmu, ashirin da huɗu ta samu. Ta ce mu lura, umarnin nan kama yake da na farko, bambancin kawai ka ambaci gurbi. Da zarar ka ambaci gurbi, duk layin da gurbinsa fanko ne an tsallake shi.

"Kuma ba zai gaya maka ya tsallake ba," ta ce. "Ba ka tambaye shi ba."

Takardu goma sha tara suna kwance a gefen teburanmu. Na fara jin zafin ɗakin.

"Ƙirga na uku, wanda ba ya maimaita suna. Wanga shi ne mai wuya."

Ta ce kowa ya ƙirga sunaye daban-daban da ke hannunsa. Muka ƙirga, muka faɗa. Ta ƙi haɗawa. Ta ce in sunan da ke hannuna yana hannun Isaka ma, haɗawa zai ƙirga shi sau biyu. Dole sai an sake rabo, duk suna iri ɗaya ya taru a hannun mutum ɗaya. Ta ba kowa haruffansa. Muka tashi muna miƙa wa juna takardu, muna karo, fanka ta kwashe biyu aka bi su ƙarƙashin tebur. Ta ce wannan kai-komon shi ne abin da na'urorin ke yi a tsakaninsu, shi ya sa ƙirgan nan ya fi cin lokaci. Ta ce akwai na huɗu, na kintace, wanda ba a yin wannan musayar gaba ɗaya: kowace na'ura ta aika 'yar taƙaitacciyar alama, a samu amsa da sauri, kusa da daidai. Yana da amfani in kana son sanin girman abu a dunƙule. Ba a raba wa mutane iri da shi.

Da ƙura ta lafa, harafin M ya faɗa wa Isaka. Takardu sun taru a gabansa. Ya jera su, ya karanta, ya fara girgiza da dariya.

"Malama, nan suna ɗaya ne. Malam. Malam. Malam. Goma sha biyu."

Ta zo ta tsaya a kansa. Ta karanta sunayen matan da ke kan takardun. Hajara, Ladi, Indo, Asabe, kowace da gonarta daban. Wanda ya samu harafin A yana da "Alhaji" guda biyar. Sauran bakwai ne kawai ke ɗauke da cikakken suna. Malam ɗaya, Alhaji ɗaya, da bakwai. Ta rubuta a allo: tara.

"Kai, abokina," in ji Isaka, yana share hawaye, "wannan Malam na garinku, mata goma sha biyu! A kai ni in gaishe shi!"

Ɗakin ya fashe da dariya. Malama Rabi ba ta yi ba. Ta tambaye ni wane ƙirga na yi amfani da shi. Na ce na uku. Ta tambaya me aka yi da amsar. Na ce an raba iri.

"An riga an raba?"

"Motar farko."

Sannan ta juya Hausa, ta rage murya, amma ɗakin ya riga ya yi tsit.

"Malam, mahaihiyarka tana da rai?"

"Tana nan."

"Ka taɓa jin sunan mahaihinka a bakinta?"

Ban taɓa ji ba. Shekara ashirin da rasuwarsa, har yau "Malam" take cewa. Ni ɗan fari ne, ko nawa sunan ban taɓa ji a bakinta ba. Na san wannan kafin in san karatu. Masu rajistar da muka tura Dayi sun tsaya a gaban matan aure, sun tambaye su sunan miji, matan suka sunkuyar da kai. Wadda ta ce "Malam" aka rubuta Malam. Wadda ta yi murmushi kawai aka bar gurbin. Bakwai ɗin nan, daga baya na gano, wata maƙwabciya ce ko wani ɗan'uwan miji yana kusa ya amsa musu. Na'urar ta yi daidai abin da na ce ta yi. Wanda ya shirya umarnin a wata ƙasa ba zai san matan Dayi ba. Ni na san su. Ni da kaina, kwana huɗu kafin nan, an tambaye ni wace ce Bilkisu na ce iyalina ce.

Malama Rabi ta yi wa sauran bayanin al'adar da Faransanci. Ban ji kalmomin ba, na ga fuskoki suna juyowa wajena da tausayi, wanda ya fi dariyar ciwo. Ta ƙara da cewa ko da kowace mace ta faɗi sunan, ƙirga gida da suna kuskure ne, domin Musa Ibrahim nawa ne a gari ɗaya? Kowane gida a ba shi lamba. Kuma kafin ka yarda da ƙirga na uku, ka yi na farko da na biyu, ka dubi tazarar da ke tsakaninsu. Minti biyu ne aikin. Minti biyun nan ne ban yi ba, ranar da Inna Kulu take zaune a gabana.

Lokacin hutun rana ban kwanta ba. Na gwada sauran unguwanni. Ba Dayi kaɗai ba ce. A Tsiga ma akwai, da wasu ƙauyukan Kafur, duk inda mata suka yi rajista da kansu. Na zauna rubuta wa shugaban ƙungiyarmu saƙo. Na fara da "An samu kuskure a wajen ƙidaya." Jimla ce mai kyau, irin wadda na karanta sau dubu, wadda ba a san wanda ya yi ba. Isaka ya leƙo ta kafaɗata.

"Wa ya samu shi?" ya ce.

Na goge, na kira shugaban a waya. Na ce na yi kuskure, na kuma faɗi yadda na yi shi. Ya saurara har na gama.

"Malam, ba kai ne ka ce na'ura ba ta mantuwa ba? A gaban mutane?"

"Ni ne, Alhaji."

"To. Su masu shirin ba za su karɓi gyara da baki ba. Sai sabon jeri, gida-gida, da sa hannun masu unguwa, kafin a rufe. In ka tsaya karɓar takardar shaida, ba za ka iso ba."

Masu tambayata hoton rufe taro, ga amsarku: ba na ciki. Da safe na kama motar Maraɗi. Malama Rabi ta ba ni yankunan takardun nan arba'in da uku a ambulan, ta ce in riƙe. Isaka ya raka ni tasha, ya saya mini kilishin da kuka ci, ya ce in gaida Malam mai mata goma sha biyu. A kan iyaka na sake samun jami'in mai tabarau. Ya tambayi lafiyar Bilkisu. Ya ce in ƙara musu labarai. Na ce makogwarona ba daɗi.

Shugaba ya tura wasu Tsiga da Kafur. Dayi ya ce tawa ce.

An yi ruwan farko kwana biyu kafin in isa, ƙasa ta yi laushi, maza duk suna gona. Na sami Inna Kulu a tsakar gidanta tana gyaran gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Na fara bayani: ƙirga iri uku ne, akwai mai tsallake gurbi. Ta bar ni na yi nisa.

"Ɗan nan, duk wannan na mene ne?"

"Inna, ku arba'in da uku ne. Ni na yi kuskure. Na kuma faɗa miki maganar da bai kamata ba. Ki yafe mini."

"To. Ka faɗa a gaban mutum biyu. Su ma ka nemo su ka gaya musu."

Na ce zan yi. Na kuma yi.

Ta aika aka tara matan a ƙofar gidan mai unguwa. Na buɗe littafi, na ba kowane gida lamba, amma masu shirin suna son sunan maigida a gefen lambar. Na dubi mace ta farko. Na rasa yadda zan yi tambayar da ta jawo duk wannan. Inna Kulu ta yi tsaki.

"Kai da karatunka. Indo, faɗi sunan mijin Hajara. Hajara, ke ki faɗi na Asabe."

Haka aka yi. Kowace ta faɗi sunan mijin ta kusa da ita, mai mijin tana rufe fuska da mayafi, sauran suna tsokana. "Ki faɗa da ƙarfi, ai ba naki ba ne!" Da aka zo kan Inna Kulu, mata uku suka faɗi sunan marigayin mijinta a tare, ita kuwa ta kau da kai tana kallon bishiya. Cikin awa ɗaya aka gama abin da ya gagari na'urori.

"Yanzu ƙirga mu," ta ce. "Da bakinka. Da muryar nan taka."

Na miƙe na ƙirga, ina nuna kowace da biro. Ɗaya, biyu, uku. Na kai arba'in da biyu na tsaya. Na sake farawa. Arba'in da biyu. Na ciro ambulan ɗin Malama Rabi, na bi yankunan ɗaya bayan ɗaya. Guda ya rage a hannuna. Ladi, gurbin maigida: Malam.

"Ladi ba za ta zo ba," in ji Inna Kulu. "Da aka ce babu ita a lissafi, ta ba ƙanin mijinta aron gonar. Jiya ya shuka masara."

Ba wadda ta yi dariya. Na ce zan sa sunanta duk da haka, irin zai zo, ko baɗi ta shuka.

"Sa mana. Amma ba ni za ka gaya wa ba. Gidanta na bayan masallaci, mai ƙofar langa-langa."

Na tambaya ko za ta haɗa ni da wani ya raka ni.

"A'a," ta ce. "Gida ɗaya ne. Ba za ka tsallake shi ba."